Moto Ukun Baba Milimita

Mahaifina mutum ne mai zafin rai, kuma ba zan ɓoye ba, ni na gado shi. A layinmu ba mai kiransa da sunansa, sai Baba Milimita. Sunan ya bi shi ne tun ranar da ya sa kafinta ya cire ƙofar kicin sau uku, wai ta karkace. Kafintan ya gaji ya ce, "Baba, ai ko ido bai gani." Baba ya ɗauko ma'auni ya nuna masa milimita biyu, ya ce in idonsa bai gani ba, ƙofar ta gani.

Shekara talatin da huɗu ya yi a wata masana'anta mai ƙera kayan famfon ruwa. Da tsintsiya ya shiga, yana share ɓarɓashin ƙarfe, har ya zama shi ake kai wa aikin da ya gagari kowa. Injinsa shi ne na sassaƙar ƙarfe. Tebur ne na ƙarfe da ake ɗaure aiki a kai, sai wani kai mai nauyi a sama da ke riƙe haƙorin yanka, sai hannuwa uku na murɗawa: ɗaya ya kai teburin hagu da dama, ɗaya gaba da baya, na uku ya ɗaga kan ko ya sauke shi. Baba kan ce da tafin hannu yake jin ƙarfe, kafin haƙori ya karye ya riga ya sani.

Da masana'antar ta kawo injuna masu aiki da kwamfuta, ya sa rigarsa mai kyau ya hau ofis, ya ce a sa sunansa cikin waɗanda za a koya wa. Manajan, wanda yayana ma ya girme shi, ya ce, "Baba, wannan horon na masu takarda ne." Aka mai da shi sito yana raba safar hannu da sabulu. Shekara biyu ya yi a can, yana jin ƙarar injuna ta bango. A cikin shekarun nan ne hannunsa na dama ya fara rawa. Har yau in na tuna mutumin nan da maganarsa sai raina ya ɓaci. Ba su gwada shi sun ga ya kasa ba, ƙofar kawai suka rufe.

Bayan ya yi ritaya ya sayi wani tsohon inji, ƙanin wanda ya saba da shi, daga wani shago da aka rufe. Ya kafa shi a ɗakin bayan gida, tsakanin tsohon firji da tagar da ba ta buɗuwa. Nan yake wuni, yana yi wa maƙwabta gyaran da ba su da inda za su kai: ƙarfen keken ɗinki, madannin ƙofar mota, ƙafar injin niƙa. Amma rawar hannun ta ci gaba. In yana murɗawa sai ta bar layi-layi a fuskar ƙarfen, abin da masu kayan ba sa lura da shi, shi kuwa yana hana shi cin abinci. Wata rana muna tsakar gida ni da Mama muka ji an maka ƙarfe da bango. Ya fito yana goge hannu ya ce, "Zan cire hannuwan murɗawar nan in sa moto. Kwamfuta ta murɗa, ni in faɗa mata inda za ta."

Irin moton da ake sa wa wannan aiki ba kamar na fanka ba ne da ke ta juyawa. Taku yake yi, ɗari biyu a zagaye ɗaya, kwamfuta na ƙirga masa. In ta ce ya yi taku dubu, ta ɗauka ya yi. In nauyi ya fi ƙarfinsa ya tsallake goma, ba ta da labari, haka za ta ci gaba da yanka a inda ba nan ba. Shi ya sa girman moton yake da muhimmanci, kuma shi ya sa Baba ya ƙi yin kintace.

Ni malamar lissafi ce a sakandare, saboda haka ni ya kira. Ranar wata Asabar da safe ya karɓi sikelin Mama mai ƙugiya, wanda take auna tukunyar gas da shi don kada mai gas ya cuce ta. Ya naɗa igiya a jikin hannun murɗawa, ya maƙala ƙugiyar, ya kunna injin yana cin ƙarfe. Ni ina ja a hankali, shi yana karantawa.

"Ki ja daidai, Auta. Ba akuya kike ja ba."

"Daidai nake ja, Baba."

"Kilo ɗaya da rabi. Rubuta. Sake."

Sau goma muka yi a kowane hannu, hagu da dama, gaba da baya. Na ninka nauyin da faɗin hannun, muka sami ƙarfin murɗawar da ake bukata, ya ce in ninka shi biyu saboda ranar da haƙori ya dakushe. Lissafin ya tsaya a kan matsakaicin moto, mai lamba ashirin da uku, wanda bai fi kofin shayi girma ba. Hannu na uku, na ɗaga kai, ba mu kai gare shi ba ranar, don injin ya fara warin ƙuna muka kashe. Shi kaɗai ya auna shi a tsakiyar mako, ya turo min lambar, na lissafa, ita ma ta faɗa cikin ashirin da uku.

Mijina injiniyan lantarki ne, yana aiki da masu girka manyan janareta. Mutumin kirki ne, amma yana da wani murmushi da yake yi wa wanda ya ɗauka bai sani ba. Ranar Lahadi muna cin abinci a gidan su Baba ya ga takardar a kan tebur.

"Baba, waɗannan ai na wasan yara ne," in ji shi. "Ƙarfe za ku yanka fa. Ku sa masu lamba talatin da huɗu ku huta. Ƙarfi in ya yi yawa ba ya ɓata komai."

Baba ya ajiye cokali. "Yana ɓatawa. Babban moto cikinsa nauyi gare shi, tashi da wuya, tsayawa da wuya. Akwatin wutar da nake da shi ba zai iya ciyar da shi ba in ya ɗau gudu. Kuma ranar da aka yi kuskure, ƙarami zai tsaya ya yi kuka, babba zai karya min inji."

"Ai ba za a yi kuskure ba."

"Ka taɓa yanka ƙarfe?"

"Na karanta shi, Baba."

Na ce, "Mun auna fa. Ga lissafin nan, ni na yi shi." Ko kallon takardar bai sake yi ba. Ya yi murmushin nan ya ce, "To, Baba, yadda kuka ce." Da yake shi ya iya sayen kaya daga waje ta waya, Baba ya miƙa masa takardar.

Sati uku kayan suka yi a hanya. A cikin sati ukun nan Baba ya ƙera faranti uku na ƙarfe da za a ɗaura moton a kai, kowanne da ramuka huɗu daidai da ƙafafun mai lamba ashirin da uku. Da hannun nan mai rawa ya yi su. Yakan riƙe wuyan hannun dama da na hagu, ya murɗa kaɗan, ya tsaya ya huta. Ya lalata biyu kafin ya sami ukun da ya yarda da su. Da ya gama ya jera su a kan firji, ya kira Mama ta zo ta gani.

Ranar da kwalin ya iso, mijina ya shigo da shi a kafaɗa yana nishi yana fara'a. Tun daga nishin na san akwai magana. Aka buɗe, sai ga manyan moto uku, kowanne kamar bulo.

"Na ƙara muku ne, Baba. Kyauta ce daga gare ni. Za ku gode min."

Baba ya miƙe. Ya shiga ɗakin baya ya ɗauko faranti ɗaya, ya ɗora a fuskar moton. Ko rami ɗaya bai hau ba. Ya daɗe yana kallon abin.

"Takarda na ba ka," ya ce. "Da rubutu a jiki. Ko rubutun nawa ma sai mai takarda ya duba?"

Mama ta ja shi gefe tana magana ƙasa-ƙasa, wai suruki ne, kada ya kunyata shi, da kyakkyawar niyya ya yi. Baba ya dawo fuska a murtuke ya ce, "Shi ke nan. Za a ɗaura. Kai za ka ɗaura da hannunka, kai za ka kunna."

Mijina ya kai wa mai walda ya yi masa wasu farantan. Asabar ta gaba ya ɗaura biyu, na hagu da dama da na gaba da baya, Baba na zaune a kan benci ya harɗe hannu. Da aka kunna a hankali, teburin ya tafi yana gurnani, ɗakin duka na kaɗawa, har kwalban da ke kan firji suna karo da juna. Da aka ƙara gudu, moton ya yi wata ƙara mai shiga haƙori ya tsaya cak, kwamfuta kuwa tana ta ƙirga abinta. Mijina ya ce wuta ce ta yi kaɗan, ya buɗe akwati ya ƙara. Ya rage gudun, ya buga lamba, ya manta alamar ragi a gabanta. Teburin ya nufi hagu maimakon dama. Ya kai ƙarshe, moton bai tsaya ba. Muka ji ƙas, sannan wani abu ya faɗi ƙasa ya gangara.

Notin tagulla ne da dogon sukurun teburin ke bi ta cikinsa, ya tsage biyu. Bakin sukurun kuma ya lanƙwashe. Injin ya girme ni, kamfanin da ya yi shi ma babu shi, ba inda za a je a sayo.

Baba ya durƙusa ya tsinci rabin notin. Na taɓa ganinsa cikin fushi iri-iri, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba.

"Kwashe kayanka," ya ce. "Duka ukun. Fita min daga ɗaki."

"Baba, ku yi haƙuri, kuskure ne."

"Na ce maka za a yi kuskure. Ka ce ba za a yi ba. Fita."

Muna shiga gidanmu na tare mijina. Na ce masa ba injin ne ya fi ƙona min rai ba. An ba shi saƙo ya canza, bai tambayi mai saƙon ba, bai tambaye ni ba, ni da na ja igiya na yi lissafi. Ya ce taimako ya yi niyya. Na ce taimakon da ba a saurari mai shi ba raini ne, ko da an naɗe shi a kwali. Na ce, "Abin da aka yi masa a wurin aiki ka maimaita masa a cikin gidansa." Ya tura moton uku ƙarƙashin matakala ya rufe su da buhu.

Washegari na koma wurin Baba, don shi ma ina da magana da shi. Na same shi ya baje sassan teburin a ƙasa.

"Ka san zai karya," na ce.

"Na faɗa ai."

"Ka sani, ka zauna a benci ka harɗe hannu. Da ka ce a'a, ba wanda ya isa ya taɓa maka inji. Ka bari ne don ka ci gardama. To ka ci, ga shi nan a ƙasa."

Ya ɗago ya dube ni. "Ni kike faɗa wa haka?"

"Kai nake faɗa wa, Baba."

Ya ce in fita ni ma. Na fita. Mama ta biyo ni har ƙofa tana cewa gidan nan kowa da wutarsa a ka, ita kaɗai ce ruwa, kuma ta kusa ƙafewa.

Wata biyu Baba bai yi wa mijina magana ba, in ya gaishe shi sai ya amsa da ka. Wani tsohon abokin aikinsa, wanda suke kira Dogo, shi ya miƙe masa sukurun ya kuma yanka sabon noti. Ni kuma na koyi sayen kayan da kaina, na sa aka kawo matsakaita uku, irin waɗanda ke cikin takardar. Suka hau farantan Baba kamar tare aka haife su. Teburin ya riƙa tafiya hagu da dama, gaba da baya, da 'yar siririyar ƙara kamar ta keken ɗinki. Baba ya sa ya yi tafiya ya dawo sau hamsin, ya auna, ya tarar ya tsaya inda ya tashi. Bai yi murmushi ba, amma ya ce wa Mama ta ƙara masa abinci.

Sai na uku ya ƙi. In kan injin zai sauka lafiya lau, in zai hau sai moton ya yi gurnani ya zame. Ramin da aka ce ya yi zurfin milimita biyar sai ya fita bakwai, na gaba tara. Kwana biyu Baba yana neman mai laifi. Ya zargi mai, ya canza. Ya zargi waya, ya sake ja. Ya zargi masu sayarwa, daga ƙarshe ya zarge ni, wai na yi kuskure a ninkawa.

Raina ya ɓaci. Na cire moton na mai da hannun murɗawa, na ɗauko sikelin Mama na naɗa igiya na ja. Abin da ya nuna ya kusa ninka lambar da ya turo min. Na sake ja, haka.

"Yaushe ka auna wannan, Baba?"

"Ranar Laraba. Na rubuta."

Mama na bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Ta ce, "Malam, ranar Larabar nan ba moton saman yana wurin mai gyara ba? Wanda ya yi warin ƙuna? Ni na riƙe maka ƙofa ka fita da shi."

 Moton saman shi ne babban da ke juya haƙorin yanka, a kan injin yake zaune, kusan rabin nauyin kan nasa ne. Baba ya auna kan ne babu shi.

Ya zauna a benci. Ya ɗauki takardar ya duba, ya yage ta, ya haɗa ya sake yagewa. "Shekara talatin da huɗu," ya ce, "in auna jaki babu kaya." Abincin rana ma ya dawo yadda aka kai shi. Fushin da ya yi da kansa ya fi wanda ya yi da mu duka, don wannan ba wanda zai kora daga ɗaki.

Na sake lissafin da sabuwar lamba. Ga ɗaga kai, matsakaici ba zai iya ba. Babba ake so, kuma da yake hawa da sauka ba gudu ake yi ba, akwatin wutar zai ɗauke shi. Na ajiye masa takardar. Ya karanta sau biyu.

"Ki kawo min guda ɗaya cikin na gidanku."

"Ba nawa ba ne, Baba. Ka kira mai su."

Ya harare ni, ni ma ban sauke ido ba. Kwana uku ya yi yana zagaye wayarsa. A na huɗu, ina kusa da mijina Baba ya kira shi.

"Kana da sauran bulon nan naka?"

"Suna nan, Baba."

"Kawo ɗaya. Ɗaya na ce. Kada ka ƙara min komai."

Mijina ya zo da shi ranar Asabar, ba murmushi. Kafin ya taɓa sukuru ko ɗaya Baba ya miƙa masa sikelin ya ce ya ja da kansa ya karanta. Ya ja, ya karanta, ya karɓi takardata ya bi lissafin layi-layi da yatsa, ya ce daidai ne. Ya tambayi Baba wuta nawa zai sa, Baba ya faɗa, ya sa hakan. Baba kuma ya sa shi ya ɗaura 'yan makunnai a ƙarshen kowace hanya, waɗanda za su yanke wuta in tebur ya wuce iyaka. Wannan shawarar mijina ce, Baba ya karɓa yana cewa dama yana da niyya. Kan injin ya hau ya sauka sau talatin bai zame ba.

Ba wanda ya ba wani haƙuri. Baba bai ce ya yi kuskure a gaban surukinsa ba, mijina ma bai sake tayar da zancen notin ba. Aikin farko da injin ya yi shi ne wani ƙaramin ƙarfe na keken guragu na wata maƙwabciya, ya fito sumul, ba layi ko ɗaya. Yanzu rawar ta kama hannun hagu ma. Da yatsa ɗaya yake buga lambobi, yana zagin allon in ya danna biyu a tare, amma kullum yana ɗakin, kuma mutane na kawo aiki har daga wasu unguwanni.

Watan jiya Dogo ya zo da wasu tsofaffin abokan aikinsu biyu su ga abin. Ina tsaye a wurin da tiren shayi. Baba ya kunna, ya sa injin ya yanka musu da'ira a jikin farin ƙarfe, suna ta jinjina kai. Ɗaya ya tambaya wa ya haɗa masa.

"Ni da surukina," in ji Baba. "Injiniya ne."

Na ajiye tiren da ƙarfin da ya sa kofuna suka yi ƙara. Bayan sun tafi na ce, "Ni fa, Baba? Wa ya ja igiya? Wa ya yi lissafi? Wa ya gano kan ba a auna shi daidai ba?"

Ya dube ni da mamaki na gaskiya. "Ke ai 'yata ce. Sai in tsaya ina yabon kaina a gaban mutane?"

Kwamfutar da ke tuƙa injin tawa ce, aro na ba shi. Na zare wayoyinta a gabansa, na sa ta a jaka na tafi gida. Bayan kwana biyu ya kira, ya yi ta tambayar lafiyar yara da aikin makaranta, abin da ba ya yi, sannan ya ce akwai wani mai injin niƙa da ke jiran aiki. Na ce ina da jarrabawar ɗalibai da zan duba, sai Asabar. Ya ce Alhamis fa. Na ce Asabar, Baba. Ranar Asabar ɗin na kai masa, da yamma.